Facin da ake sa wa jariri a ƙirji: jiki yana karɓarsa kuwa?

A unguwarmu ta Aboabo, nan Kumasi, an haifi jikan wata maƙwabciyata da huji a naman da ya raba ƙirji da ciki. Da aka ce za a sa masa faci, hankalin gidan ya tashi. Ga tambayoyin da suka fi damunsu.

Wane irin huji ne wannan?

Naman nan mai faɗi shi ke jan numfashi. A wajen jariri ɗaya cikin 3,000, ba ya gama haɗewa tun farkon ciki. Sai hanji da tumbi, wani lokaci har hanta, su haura ƙirji su danne huhu ya kasa girma. Galibi ta hagu ne. Aiki ne na manyan asibitoci irin Komfo Anokye da Korle Bu, kuma sai numfashin jariri ya daidaita ake shiga tiyata.

Me ya hana a ɗinke kawai?

Ƙarami ɗinke shi ake yi. Mai faɗi kuwa, in aka ja naman da ƙarfi ɗinkin zai ɓalle.

Da me ake yin facin?

Wanda aka fi amfani da shi Gore-Tex ne, wata roba mai laushi kamar ƙyalle. Jiki bai cika yaƙar ta ba, ba ta kuma narkewa. Babban aibinta, kuma shi ya fi tsaya mini a rai: ba ta girma. Yaro na girma, ƙirjinsa na buɗewa, faci yana nan yadda aka sa shi, har wani lokaci gefensa ya saki, huji ya dawo. Shi ya sa likitoci ke barinsa da yalwa, su tankwasa shi kamar hula maimakon su ɗaure shi tamau.

Akwai kuma na jikin dabba ko mutum, wanda ake wankewa sai saƙar kawai ta rage, don naman yaron ya bi ta ya mamaye. In ta narke kafin naman ya yi ƙwari, nan ma huji na dawowa.

Da gaske akwai na alade?

Gaskiya ne. Facin da ake kira Surgisis daga hanjin alade yake, Permacol daga fatarsa. AlloDerm fatar mutum ce, akwai kuma na saniya. Iyaye, haƙƙinku ne ku tambayi dokta wanne za a sa, ku kai wa malaminku maganar da wuri, ba ranar tiyata ba. Malamai da yawa sun yi sauƙi inda rai ke cikin haɗari. Wasu likitocin ma da tsokar cikin yaron kansa suke rufe hujin, ita kam tana girma tare da shi.

In an sallame mu, shi ke nan?

A'a. Ku riƙe ranakun komawa asibiti ko da yaro yana wasansa lafiya, don hoton ƙirji kan nuna faci ya saki tun kafin a ga alama. A kan duba ƙashin bayansa ma, kada ya karkace. In ya fara haki, ko ya ƙi nono, ko ya yi amai kore, a kai shi nan take, ko da tsakar dare ne.