Zakaran motokuros: ya zauna inda ya ci kambu ko ya tsallaka teku?

Duk lokacin da wani matuƙi ya lashe gasar duniya ta motokuros, wato tseren babura a kan turɓaya mai tudu da kwari da wuraren tsalle, ba a ɗaukar kwana biyu kafin 'yan jarida su fara tambayarsa yaushe zai tafi Amurka. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan wannan batu.

Ina ne ake nufi da "ƙetare" a wannan wasa?

Gidaje biyu ne manya. Akwai gasar duniya da FIM, hukumar tseren babura ta duniya, ke kula da ita, mai rukunin MXGP na manyan babura masu injin 450 da rukunin MX2 na masu 250. Yawancin zagayenta a Turai ake yi, ko da yake tana leƙa wasu nahiyoyi. Sai kuma Amurka, inda AMA, ƙungiyar masu babura ta ƙasar, ke da gasa biyu: sufakuros da ake yi cikin filayen wasa daga Janairu zuwa Mayu, da motokuros na fili da ake yi a bazara. Tun 2023 aka ɗaure su biyun da wasu tsere uku na ƙarshen kaka da ake kira SMX. Ga Bature, ƙetare Amurka ce. Ga Ba'amurke, Turai ce. Shi kuwa ɗan Ostireliya ko Afirka ta Kudu, ko'ina ya nufa sai ya bar gida.

Mutum ya riga ya zama zakara. Me kuma yake nema?

Kuɗi da suna, kuma babu kunya a faɗi haka. Amurka kasuwa ce babba ta irin waɗannan babura, sufakuros na cika filayen da ke ɗaukar dubun-dubatar mutane, kamfanoni kuma suna biyan wanda idon jama'a ke kansa. Zakaran SMX na rukunin 450 kaɗai ya karɓi dala miliyan 1 a 2023.

Akwai kuma dalilin da ba a cika ambata ba. Rukunin MX2 yana da iyakar shekaru 23, kuma dokarsa tana tura wanda ya ci kambun sau biyu zuwa gaba. Matashin da ya kai nan dole ya zaɓa: ko ya hau 450 ya fuskanci tsofaffin hannu a MXGP, ko ya je Amurka ya ci gaba da hawan 250 yana koyon sabon salo. Hanya ta biyun Tom Vialle na Faransa ya bi bayan kambunsa na 2020 da 2022, ya kuma ci sufakuros na shiyyar gabas a 2024.

Ba duk hawan babur ba ne? Me zai gagari zakaran duniya?

Sufakuros zai gagare shi, aƙalla da farko, kuma a nan maganar take.

A fili, tsere minti 30 ne da ƙarin zagaye biyu, hanya tana da faɗi, gwani na iya gyara kuskurensa. A sufakuros an takure komai cikin filin wasa. Tsalle yana bin tsalle, kowanne da daidai inda za a tashi da inda za a dira, kuskuren taku ɗaya na iya jefa mutum ƙasa. Sannan ga wani jerin kunyoyi na ƙasa da aka jera kusa da juna, waɗanda ake so matuƙi ya bi ta kan tsininsu da gudu ba tare da tayar gaba ta faɗa tsakani ba. Yaran Amurka da wannan suke tashi. Bature da ya girma a yashin Lomel na Beljiyam yana iya zuwa da shekara ashirin da wani abu bai taɓa shiga irinsu da gaske ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Babur ɗin ma ba ɗaya ba ne. Dokar Amurka ta ce a yi tsere da babur da aka gina a kan wanda ake sayarwa a kasuwa, alhali a gasar duniya kamfani yana da damar ƙera wa matuƙinsa sassa na musamman. Ga sufakuros kuma sai an ƙara wa sassan da ke shanye girgiza tauri sosai. Kalandar ma ba ta da tausayi: zagaye 17 a filin wasa, 11 a fili (kowanne da tsere biyu), 3 na SMX, kusan kowane mako. Wanda ya ji rauni a Janairu yana iya shiga gasar fili, inda ƙarfinsa yake, da rabin lafiya.

Su wa suka je suka dace?

Jean-Michel Bayle na Faransa ne ya buɗe ƙofar. Ya ci gasar duniya a 1988 da 1989, ya tsallaka, a 1991 kuma ya haɗa kambu uku a shekara guda: sufakuros, da na fili a rukunin 250 da 500. Chad Reed ya bar Ostireliya ya yi shekara ɗaya a Turai, ya wuce Amurka ya ci sufakuros a 2004 da 2008. Ken Roczen na Jamus ya ci MX2 a 2011 yana ɗan shekara 17, ya tafi, ya lashe gasar fili ta 450 a 2014 da 2016. Na baya-bayan nan shi ne Jett Lawrence, wanda iyalinsa suka tattara daga Ostireliya zuwa Turai, daga can zuwa Amurka, shi da wansa Hunter. A 2023 ya ci tsere 22 cikin 22 na gasar fili, a 2024 ya ɗauki kambun sufakuros.

A lura da shekarunsu lokacin tafiya. Babu wanda ya tsufa a gida kafin ya tashi.

Waɗanda abin bai yi musu daɗi ba fa?

Suna nan, kuma ba ƙananan matuƙa ba ne. Greg Albertyn na Afirka ta Kudu ya isa Amurka a 1995 da kambun duniya uku a jere. Faɗuwa da rauni suka yi ta cinye masa kakanni, sai a 1999 ya ci gasar fili. Sébastien Tortelli, zakaran duniya na 1996 da 1998, gudunsa ba a musu a kai, amma ya gama zamansa bai ɗauki kambun Amurka ko ɗaya ba. Jorge Prado na Sifaniya ya ci MXGP a 2023 da 2024, ya koma Amurka a 2025 da Kawasaki, ya ji ciwo a kafaɗa tun farkon sufakuros, sannan a fili shi da babur ɗin suka kasa fahimtar juna. Shi kansa Roczen da ake misali da shi, mummunar faɗuwar da ya yi a sufakuros na Anaheim a Janairun 2017 ta kusa raba shi da hannun hagu.

To idan Ba'amurke ne ya nufi Turai?

Giwa a garin wani zomo ce, ko ta wane ɓangare aka bi. Ryan Villopoto ya ci sufakuros sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014, ya shiga MXGP a 2015. Ya yi nasara a Tailan, ya faɗi a zagaye na huɗu a Italiya, ya ji rauni, kafin shekarar ta ƙare ya yi ritaya. Brad Lackey kuwa kusan shekara goma ya yi yana fafatawa a Turai kafin ya zama zakaran 500 a 1982. Ƙasar hanyar daban ce, ana kwashe kwana biyu a kowane zagaye maimakon yini ɗaya, ga sauyin harshe da ƙasa kowane mako.

Zama a gida yana rage wa zakara daraja?

A ganina a'a, kuma masu cewa wanda bai gwada Amurka ba bai cika gwani ba suna wuce gona da iri. Stefan Everts yana da kambun duniya 10, Antonio Cairoli yana da 9, a Turai suka gina sunansu. Jeffrey Herlings na Holan ya leƙa Amurka a 2017, ya shiga zagayen ƙarshe na gasar fili a Indiyana, ya ci duka tsere biyun, ya koma gida abinsa. Ga kuma gasar ƙasashe da ake yi tun 1947, inda ɓangarorin biyu ke haɗuwa a hanya ɗaya kowa ya ga ƙarfin kowa.

A ƙarshe, ya tafi ko kada ya tafi?

Da ni za a tambaya, shekarunsa zan fara duba. Idan bai wuce ashirin da kaɗan ba, yana kan 250, kuma ƙungiyar kamfani ta ba shi kwantiragin shekara biyu ko uku, ya tafi. Sufakuros na 250 an raba shi gabas da yamma, don haka rabin kakar kawai zai yi, sauran lokacin yana atisaye a Kalifoniya ko Fulorida. Kwantiragin shekara ɗaya kuwa tarko ne, domin shekarar farko ta koyo ce da shan ƙasa.

Idan kuma ya riga ya zama zakaran MXGP, ya haura 25, yana da babur da aka gina daidai jikinsa da makanikan da suka san abin da yake so tun kafin ya buɗe baki, abin da zai bari yana da yawa. Irin wannan, in har zuciyarsa ta nace, gara ya fara zuwa tseren sufakuros 'yan kaɗan a matsayin baƙo, kamar yadda Prado ya yi a farkon 2024, ya gwada babur ɗin da za a ba shi sosai kafin ya sa hannu, ya kuma nemi a rubuta masa a kwantiragi abin da zai faru da albashinsa idan rauni ya kwantar da shi a watan farko.