Bayan Kwalta Sai Me? Tambayoyi da Amsoshi Kan Farfaɗo da Kanti da Tsohuwar Kasuwar Gusau

Tun 2023 da gwamnatin Dauda Lawal ta jihar Zamfara ta fara aikin sabunta birnin Gusau, aka shiga faɗaɗa tituna da gina magudanan ruwa, hirar majalisun 'yan kasuwa ta koma kan abu guda: titi ya yi kyau, to ciniki fa? Ga tambayoyin da suka fi yawo, musamman game da yankin Kanti da titunan da suka haɗa shi da tashar jirgin ƙasa da Tsohuwar Kasuwa.

Me ake nufi da farfaɗo da layin kasuwanci? Ba gyaran titi ba ne kawai?

Gyaran titi yana ciki, kuma shi ne mafi sauƙi. Layi ya farfaɗo ne idan shagon da ya shekara a garƙame ya buɗe, mai gini ya gyara rufinsa, mai saye ya samu inda zai ajiye babur ko mota, bayan Magariba kuma akwai haske da jama'a. Kuɗin gwamnati na abin da kowa ke amfani da shi ne: kwalbati, fitila, kwashe shara, tsaro. Abin da ke bayan ƙofar shago, wato gini da kaya da ma'aikata, wannan na 'yan kasuwa ne.

Wai me ya durƙusar da wannan yanki tun farko?

Gusau gari ne da ciniki ya raina. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta nan har ya dire Ƙaura Namoda a 1929, shi ya jawo kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna da rumbunan sayen gyaɗa da auduga kusa da tasha. Yarbawa da 'yan ƙabilar Ibo suka cika Sabon Gari. Aka yi gidan gurzar auduga, aka yi kamfanin man gyaɗa, a shekarun 1960 aka buɗe masaƙa. Manomi ya kawo auduga da kaka ya koma gida da atamfa da fitila da keke. Ma'aikacin masaƙa in ya karɓi albashi, kafin ya isa gida ya biya wajen mai shinkafa da tela da mahauci. Kuɗin a cikin gari yake zagayawa.

Daga baya aka yi ta zare waɗannan ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta bi gyaɗa a 1975 suka karya noman gyaɗa. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Jirgi ya daina zuwa. Masaƙa ta bi sahun na Kaduna da Kano, tsadar wuta da atamfar fasa-ƙwauri suka gama da ita. Da Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996 sai ta koma garin albashi: ciniki ya motsa ƙarshen wata, ya kwanta tsakiyarsa. Sababbin gine-gine kuma suka nufi gefen gari, wajen Samaru da Damba da bakin manyan hanyoyi, aka bar tsohuwar cibiya da tsofaffin rumbuna masu tsatsar kwano.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai shirin zuba kuɗi, domin yana nuna cewa ginin shago bai taɓa zama tushen arzikin wurin ba. Abin da ƙauye ke nomawa da abin da gari ke sarrafawa su suka cika shagunan.

Wa ya kamata ya fara zuba kuɗi, gwamnati ko 'yan kasuwa?

Gwamnati. Babu mai hankalin da zai sa tayil da gilashi a shagon da ruwan Agusta ke shiga har gwiwa. Duk wanda ya san damina a Gusau ya san yadda mai shago ke jera buhunan yashi a bakin ƙofa, ya ɗora katan-katan a kan benci tun hadari bai gama haɗuwa ba. A gyara kwalbati, a kuma sa wanda zai riƙa yashe shi kafin ruwan farko, don kwalbatin da leda ta toshe da babu duk ɗaya. Bayan wannan sai fitilun titi da wurin sauke kaya, yadda babbar mota ba za ta tare hanya da tsakar rana ba.

Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi sosai, sai dai yana buƙatar jajircewa: haraji. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, jiha kuma tana da nata kuɗaɗen da take karɓa. Ɗan tireda ba ya ƙin biya. Abin da ke ƙona masa rai shi ne mutum uku su zo masa a mako guda, kowa da kalar rasiɗinsa. A haɗe su a takarda ɗaya, a liƙa adadin a ƙofar kasuwa kowa ya gani.

Me ya sa masu tsofaffin gine-gine ba sa gyarawa, alhali wurin yana da daraja?

Sau da yawa ba rashin so ba ne. Gini na gado ne, mai shi ya rasu shekaru da dama, magada sun kai ashirin, wasu a Kano wasu a Legas, ba a raba ba. Ba wanda zai sa kuɗinsa a ginin da bai san kasonsa ba, ba kuma wanda ke da ikon sayarwa. Wasu kuma takardar hannunsu ta ciniki ce kawai da shaidar mai unguwa, banki kuwa takardar mallaka ta gwamnati yake nema kafin ya ba da ko sisi.

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, yana kuma iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da aka gina ce a kai. Wannan ya sa mai tsohon gini yake ɗar-ɗar da zarar ya ji an ce za a sabunta gari. A ganina babu abin da zai saki kuɗin masu zaman kansu a Kanti kamar a buɗe ofishi na musamman a yankin, a sauƙaƙa kuɗin takarda na wani lokaci, a kuma nemi malamai da alƙalai su taimaka wa iyalai su raba gado ko su amince a ba da ginin haya mai dogon zango, a riƙa raba kuɗin bisa kason kowa.

Wannan haɗin gwiwa da kamfanoni da ake yawan faɗa, yaya yake aiki?

Wanda aka fi sani shi ne gwamnati ta ba da fili, kamfani ya gina da kuɗinsa, ya sayar ko ya ba da haya na wasu shekaru har ya fitar da jarinsa da riba, sannan ya miƙa wa gwamnati. A matakin tarayya akwai dokar 2005 da ta kafa hukumar ICRC mai sa ido kan irin wannan yarjejeniya, jihohi da dama kuma suna da nasu tsarin.

A takarda babu laifi. Matsalar tana cikin lissafi. A 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Mu ƙaddara mai gini ya ranto naira miliyan 100 a kan kashi 30, ya yi shago 40. Kuɗin ruwa kaɗai miliyan 30 ne a shekara, wato kowane shago sai ya kawo naira 750,000 kafin a taɓa uwar kuɗin. Mai sayar da robobi ko kayan miya a ina zai samo wannan?

An ga haka a wasu garuruwa. Kasuwar Tejuosho ta Legas ta ƙone a 2007, aka sake gina ta da kuɗin masu zuba jari, aka buɗe a 2014, amma tsadar shaguna ta sa da yawa daga cikin tsofaffin 'yan kasuwar suka koma bakin titi, bene ya daɗe da ɗakuna babu kowa. A Kaduna an rushe Kasuwar Barci a 2020 don a gina ta zamani, 'yan kasuwa suka shafe shekaru suna kukan rasa wurin sana'a. Ko babban kantin zamani ba tabbas ba ne: Shoprite ta rufe reshenta na Kano a farkon 2024. Idan Kano da yawan jama'arta ta ga haka, Gusau sai ta yi taka-tsantsan da duk wanda ya zo mata da hoton bene mai gilashi.

To masu tebur da masu baro da mata masu awara fa?

Su ne kasuwar. Mutum ya fito sayen tumatir wajen mai tebur, a hanya ya tsaya ya sayi batir a shago, ya ba yaro ɗinkin takalmi. In aka kore su aka kai su bayan gari, ƙafar da ke shigowa layin ta ragu, mai babban shagon ma sai ya ji a jikinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a taɓa ko bulo ɗaya a ƙidaya duk mai sana'a a wurin, da sunansa da hotonsa da abin da yake sayarwa, a kafe sunayen a fili don kowa ya duba. A rubuta har da 'yan haya, domin diyya mai gini take samu, wanda ya shekara ashirin yana biyan haya kuwa ya tashi hannu rabbana. A yi aikin kashi-kashi, a gama wani ɓangare a mayar da mutanensa kafin a shiga na gaba. A tsarin ginin kuma a ware rumfuna ƙanana da ake biya kullum ko mako-mako. Abin da za ka ji a bakin 'yan kasuwar nan bai wuce "a gyara, amma a bar muna wurinmu" ba, kuma ban ga abin da ya fi wannan adalci ba.

Wutar lantarki fa?

Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Kebbi da Sakkwato. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin tela da mai aski da mai sayar da ruwan sanyi. A nan ne kuɗin kamfani zai yi aiki ba tare da an kori kowa ba. A kasuwar Sabon Gari ta Kano an sa sola a rufin kasuwa ƙarƙashin wani shiri na REA, hukumar samar da wutar lantarki a karkara, shaguna suna biyan kuɗin abin da suka sha. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Rufin tsofaffin rumbunan Kanti faffaɗa ne, rana kuwa ba a rasa ta a Gusau.

Ɗan kasuwar da ba ya son bashi mai ruwa, akwai masa hanya?

Akwai, kuma a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 1999 bai kamata a tsara wani shiri a manta da wannan ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019. Suna iya sayen kaya su sayar wa mutum da riba sananniya ya biya a hankali, ko su saya masa inji ya riƙa biyan haya har ya zama nasa. Gwamnati ma tana da irin wannan hanya: jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardun tara jari marasa kuɗin ruwa, a 2013 ta gina makarantu, gwamnatin tarayya ta fara nata a 2017 da naira biliyan 100 don tituna. Sai kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa su kansu. Mutanen da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da rigima ba, za su iya yin rajista su karɓi layi guda su gina da kansu, maimakon a kawo musu baƙo ya gina ya sayar musu.

Duk wannan zai yiwu kuwa, ga matsalar tsaro?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi. Babban ɗan kasuwar Gusau da ƙauye yake ciniki. Kayan da ya saro daga Kano ko Onica, 'yan koli ne ke ɗauka su kai kasuwannin Shinkafi da Talatar Mafara da Ƙaura da Tsafe, su dawo da kuɗin hatsi da na dabbobi. An ga hakan ƙarara a 2021, lokacin da gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya don yaƙi da 'yan bindiga: shagunan birni suna buɗe, kaya na jibge, masu ɗauka babu. Yau ma manomin da bai je gona ba, ba shi da abin sayen kwano ko atamfa, iyalan da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari kuwa awon kullum suke yi.

Saboda haka bai kamata a gina shaguna bisa lissafin cinikin da babu shi ba. Amma jiran sai komai ya lafa shi ma ba dabara ba ce. Kwalbati da takardun fili da haɗe haraji da sola duk ana iya yinsu yanzu, kuma filin jirgin saman da aka fara ginawa a 2024 zai rage wa mai jari fargabar hanyar Funtuwa.

In aka kira shugabannin 'yan kasuwa taro gobe, me za su nema kafin su sa hannu?

Su nemi a ba su yarjejeniyar a rubuce, da Hausa, su kai wa lauyansu. Su ga shekara nawa kamfani zai riƙe wurin, nawa ne kuɗin shago mafi ƙanƙanta, a wata nawa za a biya, kuma wa ke da ikon ƙara haya. Su tabbata an rubuta cewa wanda aka tarar a wurin shi ke da haƙƙin farko, kuma ba a ba mutum ɗaya shago goma ya dawo yana ba su haya. Su tambayi inda za su zauna lokacin gini, da abin da zai faru idan kamfani ya tsaya a rabin aiki, ko aka canja gwamnati a zaɓe mai zuwa. Sannan su nemi a sa hanyar motar kashe gobara da tankin ruwa a cikin zanen tun yanzu, domin da zarar an fara raba shaguna, wannan filin ne farkon wanda ake yankawa a sayar.