Auna tsaikon layin umarni a furosesa da rajistocin ƙidaya

Tsaikon layin umarni shi ne lokacin da agogon furosesa (guntun da ke aiwatar da umarnan kwamfuta) ke bugawa amma aiki ba ya motsi. Furosesar zamani ba ta jiran umarni ɗaya ya ƙare kafin ta ɗauki wani. Umarnai suna bin juna mataki-mataki: a ɗauko, a warware, a aiwatar, a rubuta sakamako. Da zarar mataki guda ya maƙale, sai na bayansa su yi cirko-cirko.

Tsaiko mafi tsada shi ne jiran bayanai. Karatu daga L1, ƙaramar ma'ajiyar kusa (cache) da ke cikin furosesa, yana cin bugun agogo 4 zuwa 5, daga L2 da ke bi mata kimanin 12 zuwa 14, amma in sai an je RAM yakan haura 200. Mai bi masa shi ne kuskuren hasashe: furosesa ta yi zaton inda sharaɗin `if` zai karkata, zaton ya ƙi ci, sai ta zubar da abin da ta fara, asarar bugu 15 zuwa 20 a yawancin furosesocin Intel da AMD.

A cikin furosesa akwai sashen PMU mai rajistoci, wato ƙananan ma'ajiyoyin lamba, da ke ƙirga irin waɗannan aukuwa ba tare da rage saurin manhaja sosai ba. A furosesocin Skylake na Intel, in an kunna Hyper-Threading (fasahar da ke sa kowace cibiya, wato injin aiwatarwa guda a cikin furosesa, ta gudanar da zaren aiki biyu), kowane zare yana da rajista 3 kafaffu da 4 da ake saitawa. A Linux ana karanta su da kayan awo `perf`, wanda ya shigo kernel (zuciyar Linux) 2.6.31 a 2009. Akan fara da `perf stat -r 5 -e cycles,instructions,branch-misses,cache-misses`, a raba yawan umarnai da yawan bugu. Furosesar da za ta iya kammala umarni 4 a bugu ɗaya amma ta tsaya a 0.5, lallai akwai inda take zaman jira.

Sai dai lambar `cache-misses`, wato sau nawa aka nemi bayani a ma'ajiyar kusa aka rasa, ita kaɗai tana yaudara. Furosesa takan tsallake umarnin da ke jira ta yi waɗanda ba su dogara da shi ba, don haka irin wannan rashi miliyan goma na iya wucewa kusan kyauta, yayin da miliyan ɗaya a cikin jeri mai sarƙa, inda sai an karanta adireshi kafin a san na gaba, zai durƙusar da manhaja. Shi ya sa hanyar Top-down, wadda Ahmad Yasin na Intel ya wallafa a 2014, take ƙirga gurabe maimakon aukuwa. A Skylake kowane bugu yana da gurbi 4 na shigar da aiki, kuma kowane gurbi yana faɗawa ɗayan rukuni huɗu: aikin da ya kammala, hasashen da ya lalace, gaba (sashen da ke ɗauko umarni ya warware) bai kawo umarni ba, ko baya (sashen da ke aiwatarwa) bai karɓa ba. Rukunin da ya fi kiba shi ake tonawa, sauran a ƙyale su tukuna.

Awon kansa yana da tarko. In aka nemi aukuwa fiye da yawan rajistoci, `perf` yana yi musu karɓa-karɓa ya cike giɓin da kiyasi, abin da ke ɓata sakamakon gajeren gwaji. Haka kuma `perf record`, mai nuna umarnan da ke cin lokaci, yakan ɗora laifi kan wani umarni da ya biyo bayan mai laifin kaɗan. Maganinsa fasahar da ke kama ainihin umarnin, PEBS a Intel ko IBS a AMD, wato a rubuta `cycles:pp`. Injunan haya na intanet da dama ba sa buɗe PMU sam. A ɗaure manhajar a kan cibiya ɗaya da `taskset` kafin gwaji.

Misali sananne shi ne babban jadawalin lambobi a harshen C. Ma'ajiya tana ɗauko baiti 64 a tashi ɗaya, wato lambobin `double` 8, masu baiti 8 kowace. Bin jadawalin a tsaye yana amfani da ɗaya ya bar bakwai. Sauya jerin madaukai (loops) biyu da ke zagaya jadawalin, a bi shi a kwance yadda C ke jera shi, yakan rage kason rukunin baya nan take, sannan a sake awo da `perf stat` ɗin farko don tabbatarwa.