Yawon animoni a tankin murjani

Animonin teku dabba ce mai taushin jiki da ke rayuwa a ruwan gishiri. 'Yar'uwar murjani ce, wato ƙananan dabbobin teku da ke gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, kuma masana sun sa ta a rukunin da suke kira Actiniaria, mai ɗauke da ire-ire fiye da 1,000. Wanda ya fara ganinta zai ɗauka fure ce ta tsiro a jikin dutse. Tana da faffaɗan gindi da take maƙalewa da shi, da gangar jiki kamar silinda, da baki a tsakiyar samanta wanda yatsu masu yawa suka kewaye. A jikin yatsun akwai ƙananan ƙwayoyin dafi da take harbin abinci da abokan gaba da su. Bambancinta da murjani mai tauri shi ne ba ta gina ƙashin da zai ɗaure ta wuri guda, saboda haka tana iya tashi ta sake mazauni. Wannan tashin shi ne babban ciwon kan masu kiwonta a tankin gilashi.

Yadda take tafiya

Animoni ba ta da ƙwaƙwalwa, sai jijiyoyi da suka bazu a jikinta kamar raga, amma tana jin haske da motsin ruwa da taɓawa. Idan za ta yi tafiya, takan saki gefe ɗaya na gindinta, ta miƙa shi gaba, ta manna, sannan ta jawo sauran. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimita a awa, ido ba ya kama ta. Sai dai mai tanki ya kwanta ya bar ta a gaban dutse, gari ya waye ya tarar ta koma baya, ko ta hau gilashi. Akwai kuma tafiya ta biyu wadda ta fi haɗari: ta saki gindin gaba ɗaya, ta cika cikinta da ruwa ta kumbura, igiyar ruwa ta ɗauke ta tana mirginawa. Wadda ta kai ga haka, wurin ya gama isarta.

Abin da ke tayar da ita

Ruwa ba ya tsami banza. Animonin da ta samu abin da take so takan shekara da shekaru a rami ɗaya, domin dabba ce mai tsawon rai. An san wata da wani masanin halittu, Sir John Dalyell, ya ɗauko a gaɓar tekun Sikotilan a 1828, ta rayu a hannun masu kula da ita har 1887.

Cikin abubuwan da ke tayar da ita, haske ne kan gaba. Ire-iren da aka fi kiwo suna ɗauke da wata ƙaramar gansakuka a cikin tsokarsu, wadda ke haɗa abinci daga haske ta ciyar da mai masaukinta. Idan fitila ta yi rauni, animoni sai ta yi ta hawa sama. Idan kuma aka ɗora mata sabuwar fitila mai ƙarfi farat ɗaya, sai ta gudu ƙarƙashin dutse ta ɓuya. Wadda ta yi fari fat, gansakukarta ta zube ke nan, kuma irin wannan ta fi kowa gudun haske, har sai launinta ya dawo.

Sai motsin ruwa. Tana son ruwan da ke kaɗa yatsunta a hankali, ya je ya dawo, ba wanda famfo ke feso mata kai tsaye ba. Inda ruwa ya kwanta cik ma ba ta zama, don babu abin da zai kawo mata abinci ko ya kwashe ƙazantarta.

Ingancin ruwa ya fi wuyar ganewa, domin ba a ganinsa. Masu kiwo sukan riƙe zafi tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas, gishiri kuma kusan giram 35 a kowace lita, daidai da na teku. Abin da ya fi waɗannan alƙaluma muhimmanci shi ne kada su riƙa hawa da sauka. Shi ya sa ake cewa a bar sabon tanki ya yi aƙalla wata shida, wasu ma su ce shekara, kafin a saka animoni. Yunwa da harbin murjanin da ke maƙwabtaka da ita, da kifin animoni (ɗan kifin da ke fakewa a cikin yatsunta) da ya yi mata girma yana ta birgima a kanta, duk suna iya korarta.

Kowane iri da mazauninsa

Kimanin ire-ire 10 ne kifin animoni ke zama a cikinsu, kuma su aka fi nema. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk halinsu ɗaya. Entacmaea quadricolor, mai kumburarrun kan yatsu, ita ce mafi sauƙin kiwo. Tana son cusa gindinta can cikin tsagar dutse mai duhu, ta miƙo kanta kaɗai zuwa haske, ta yadda ko an taɓa ta za ta shige ciki. Idan aka ɗora ta kan dutse mai santsi, to an sallame ta, tashi za ta yi. Macrodactyla doreensis mai dogayen yatsu da Stichodactyla haddoni mai kama da darduma, su a yashi suke zama. Sukan haƙa har gindinsu ya taɓa wani abu mai tauri a ƙasa, don haka suna buƙatar yashi mai zurfin santimita 10 ko kusa da haka. Heteractis magnifica kuwa ta yi suna wajen yawo. Wuri mafi tsayi take nema, a fili, inda haske da igiyar ruwa suka fi ƙarfi, kuma ba ta dace da sabon shiga ba.

Dabarun zaunar da ita

Babu gam ko zare ko roba da za a ɗaure animoni da shi. Duk wanda ya gwada, raunata ta zai yi. Abin da ake yi shi ne a tanadar mata wurin da ita da kanta za ta zaɓa, a kuma rage mata hanyoyin fita.

Ranar da za a saka ta, akan kashe famfunan kaɗa ruwa, a riƙe ta a hankali da safar hannu a bakin ramin da aka zaɓa har ta fara kamawa, sannan a dawo da motsin ruwa kaɗan-kaɗan. Wasu kan fara ajiye ta a ɗan kwandon roba tare da guntun dutse. Idan ta manne da dutsen, sai a ɗauke su tare a kai inda ake so.

Dabarar da ta fi amfani ga masu zaman dutse ita ce tsibiri: a ware dutse guda, a kewaye shi da yashi, kada ya taɓa sauran duwatsu ko gilashi. Masu zaman dutse ba su cika son taka yashi ba, sai su yi ta zagaya tsibirinsu. Ba katanga ba ce, domin wadda ta saki gindi za ta tsallake, amma tana rage ɓarna sosai. Ya fi kyau kuma a saka animoni kafin a cika tanki da murjani, ta zaɓi wurinta, sannan a jera sauran nesa da inda yatsunta ke kaiwa idan ta buɗe sosai. Da zarar ta zauna, a daina taɓa fitila da famfo, a riƙa miƙa mata ɗan guntun jatan lande ko kifi sau ɗaya ko biyu a mako a daidai wurin.

Idan ta kama hanya

A makonnin farko yawo ba abin tsoro ba ne, nema take yi. A bar ta, a kawar da murjani daga gabanta, a auna ruwa. Mayar da ita inda ta baro sake tayar da ita ne kawai.

Abin da ba a wasa da shi shi ne famfo. Yana iya zuƙe animoni ya daddatsa ta cikin dare, ruwa ya yi fari kamar an zuba madara, dafinta da ruɓewarta su kashe kifayen tankin. Saboda haka ake rufe bakin kowane famfo da magudanar ruwa da raga ko soso tun kafin ta shigo, a kuma sa wa hita kariya don kada ta ƙone gindinta. Soson yana toshewa da datti, sai ana wanke shi a kai a kai.

Idan ya zama dole a ciro ta, ba a fizga. Gindin da ya yage yakan kamu da cuta, sau da yawa shi ne ajalinta. Akan goga ƙanƙara da aka sa a leda a gefen gindin, ko a juya famfo ya riƙa bugun wurin, ko a riƙa ɗaga bakin gindin da tafin yatsa sannu a hankali har ta saki da kanta. Idan tana kan dutsen da za a iya ɗagawa, a ɗauke ta da dutsenta.