Jan biron malami da insha'in yara: tambayoyi da amsoshi

Mene ne bambancin auna yaro ana cikin koyo da jarrabawar ƙarshen zango?

Jarrabawar ƙarshen zango tana nuna inda yaro ya tsaya bayan an rufe darasi, alhali awon da ake yi ana cikin koyo malami yana yin sa ne domin ya san abin da zai koyar gobe. Najeriya ta sanya irin wannan awo, wanda malamai ke kira si'e, cikin manufarta ta ilimi tun 1977, sai dai a makarantu da dama ya koma tara makin da za a cike katin sakamako da shi kawai.

Shin maki bai isa ya nuna wa yaro kuskurensa ba?

Bai isa ba. A 1988 Ruth Butler ta yi bincike a Isra'ila kan 'yan aji biyar da shida, inda aka ba wasu maki kaɗai, wasu bayanin gyara kaɗai, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Waɗanda suka sami bayani kaɗai su ne aikinsu ya inganta, waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa ba su wuce masu maki kaɗai ba. Duk malamin da ya taɓa raba littattafai a aji ya san dalili, domin yaro kan dubi makinsa, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya rufe littafi.

To, wane irin bayani ne yake gyara rubutu?

Shi ne wanda yaro zai iya aiki da shi nan take. Idan yarinya ta rubuta "Na je kasuwa, na sayi kaya, na dawo", kalmar "ƙara ƙoƙari" ba ta koya mata komai ba. Amma idan malama ta tambaye ta wace kasuwa ce, wa ya aike ta, me ta gani a hanya, to ta ba ta jimloli uku da za ta ƙara. Haka ma ƙa'idar rubutu: gara a ɗauki abu ɗaya a mako, kamar lanƙwasar da ta raba "kasa" da "ƙasa", ko raba "ya tafi" da yara ke haɗewa, da a cika shafi da jan biro har yaro ya ji kunyar buɗe littafinsa. A ganina, babban abin da ake sakaci da shi shi ne ba yaro lokaci a cikin aji ya sake rubuta aikin, domin gyaran da ba a yi aiki da shi ba wahalar malami ce ta tafi a banza.

Ajin da ya cika maƙil fa?

Malami zai iya karanta littattafai goma, ya gano kuskuren da ya fi yawa, ya kwafi sakin layi ɗaya a allo ba tare da ambaton mai shi ba, a gyara tare, sannan kowa ya nemi irin wannan kuskure a nasa littafin.