Kafin ka sayi magani, fara auna ruwan tankinka

Idan kifi ya daina cin abinci, ko aka wayi gari wasu sun taso ciki sama, tambayar da masu kiwo ke fara yi mana ɗaya ce: "Malam, wane magani za a zuba?" Wani ma kafin ya kira ya riga ya fasa kafso ya zazzage a tanki, ya matse shuwaka ya ƙara. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne, yaushe rabonka da auna ruwan? A abin da nake gani a tankunan tamfol, na roba da na siminti, matsala takan faro daga ruwa, cuta kuma ta biyo baya ta tarar da kifi ya riga ya galabaita.

Wani zai ce ai ruwansa fari ne tas, har ƙasan tanki ana hangowa. Hasken ruwa ba shaida ba ce. Ruwan tanki shi ne ɗakin kwanan kifi, nan yake cin abinci, nan ne kuma bayan gidansa. Mafi haɗarin abin da yake fitarwa shi ne amoniya, wadda ba ta da launi a cikin ruwa. Yawancinta ma ba ta kashi take fita ba, ta jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnuwansa take fita, wanda yake numfashi da shi. Kilo ɗaya na abincin tarwaɗa na kamfani yana haifar da amoniya wajen giram 30. Ke nan idan kana da tanki mai lita 1000, kana zuba abinci giram 100 a rana, to kullum kana ƙara wa ruwan amoniya kusan miligiram 3 a kowace lita. Idan babu matata, wato abin tace ruwan tanki, ba a kuma sauya ruwa ba, gobe ta zama ninki.

Kayan gwajin iri biyu ne a kasuwa. Akwai tsinken takarda da ake tsomawa, akwai kuma na ɗigo mai 'yar kwalba. Na ɗigo ya fi ba da sakamakon da za ka dogara da shi. A jikin katin launuka za ka ga an rubuta mg/L ko ppm, duk abu ɗaya ne a nan, wato miligiram a lita.

Inda aka fi yin kuskure shi ne karanta lambar amoniya ita kaɗai. Lambar da kwalba ke nuna maka jimilla ce ta kashi biyu, ɗaya mai sauƙi, ɗaya kuma dafi. Abin da ke raba su shi ne pH da zafin ruwa. pH ma'auni ne daga 0 zuwa 14, 7 ce tsakiya, ƙasa da ita ruwa ya karkata wajen tsami, sama da ita ya karkata wajen kanwa. Kifin da muke kiwo yana so ya zauna tsakanin 6.5 da 8.5. To, a ruwa mai zafin digiri 28, idan pH na 7, ɓangaren dafin bai kai kashi 1 cikin 100 na jimillar ba. A pH 8 ya haura kashi 6. A pH 9 ya kai wajen kashi 40. Ka ga mutum biyu za su auna, kowa ya sami amoniya 1, na farko kifinsa na wasa, na biyu yana kwasar gawa. Mai pH 7 dafin da ke ruwansa bai wuce 0.007 ba, mai pH 9 kuwa yana da 0.4, alhali ga yawancin kifin ruwan daɗi daga 0.05 ake fara jan kunne. Tarwaɗa babba ta fi karfasa juriya, gaskiya ne, amma juriyar a bakin girmanta take, tana ci ba ta ƙiba. 'Ya'yan kifi kuma ba su da wannan juriyar.

Sannan pH ba ya zama wuri ɗaya a yini. A tanki ko kududdufin da ruwansa ya yi kore, gansakuka na zuƙe iskar kabon da rana, sai pH ya hau, ya kai ƙololuwa wajen la'asar, ya sauko cikin dare. Saboda haka nake roƙon masu irin wannan ruwa su riƙa auna sau biyu, da asuba da kuma la'asar. Don sanin ko koren ya yi yawa, tsoma hannunka zuwa gwiwar hannu. Idan tafin ya ɓace maka tun ruwa bai kai gwiwar ba, ya yi kauri, a rage shi. Sabon tankin siminti shi ma yana ɗaga pH sosai. A cika shi, a bar shi ya jiƙa kwanaki, a zubar, a maimaita, kada a sa kifi sai an auna an ga pH ɗinsa ya daidaita da na ruwan da aka zuba. A tsohon tanki kuwa, idan ka ga pH na sauka a hankali zuwa 6, ka tuna ruwa ba ya tsami banza: datti ne ya taru a ƙasa.

Gwaji na gaba shi ne naitirait. Akwai bakteriya masu amfani da ke zama a jikin matata, duwatsu da bangon tanki. Su ne ke juya amoniya ta koma naitirait, wasu kuma su juya naitirait ya koma naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. A sabuwar matata sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita, shi ya sa sabon tanki da aka cika da kifi rana ɗaya yake yawan cin mai shi. Naitirait yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin. Ɗaga marfin kunnen kifin da ya mutu ka duba: na mai lafiya ja ne jawur, na wanda naitirait ya kama ya koma ruwan ƙasa. Abin so shi ne sifili, idan ya kai 0.5 a tashi tsaye. A nan gishiri yana da amfani na gaske, domin yana tare wa naitirait hanyar shiga jiki. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a lita 1000 ya isa, a narkar da shi a bokiti tukuna. Amma gishiri ba ya cire amoniya ko kaɗan.

Oksijin kuwa a nemi miligiram 5 a lita zuwa sama. Ruwa mai zafi ba ya riƙe shi da yawa: wajen 9 a digiri 20, wajen 7.5 a digiri 30, kuma da asuba ya fi ƙaranci. Da bazara ke nan a kula sosai. Tarwaɗa na iya leƙowa ta shaƙi iskar waje, wannan halittarta ce, amma idan ka ga sun jeru a sama tsaye, gashin baki a waje, sun daɗe a haka, ruwan ne ya ishe su.

Shi kansa gwajin yana da ƙa'ida. Ka ɗauraye kwalbar da ruwan tankin, ka ɗebo daga tsakiya, nesa da inda sabon ruwa ke zuba. Ka riƙe robar maganin a tsaye, ka ƙirga ɗigon daidai, ka jira mintocin da takardar ta ce, yawanci 5 ga amoniya. A hasken rana ake gwada launi, a kan farar takarda, ba da tocilan ba. Ka duba ranar lalacewar maganin gwajin, kada kuma ka ajiye shi a ɗakin kwano mai zafi. Ka sami littafi ka riƙa rubuta rana, lokaci, lambobi da yawan abincin da ka bayar. Idan ka kawo wa malamin gona wannan littafin, ka rage masa rabin aiki.

To idan lamba ta fito da muni, me za a yi? A dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Na san yana yi wa mai kiwo wuya ya ga kifinsa bai ci ba, amma yunwar kwana biyu ba ta kashe kifin da ya tasa. A zuƙe dattin ƙasa da tiyo, a sauya kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan, a sake aunawa washegari. A auna sabon ruwan ma kafin a zuba, domin idan pH ɗinsa ya fi na tanki, ragowar amoniyar sai ta ƙara dafi. Ruwan famfo a bar shi a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, ya fita. Na rijiyar burtsatse yakan zo da ƙarancin oksijin, a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Omo da sabulu kada su kusanci tanki, raga ko bokitin kifi.

Masu akwatin gilashi na kifin ado a falo ko ofis, wannan duka ya shafe ku. Ku sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ku tsare naitiret ƙasa da 40. Soson matata kuma a cikin ruwan da kuka kwashe daga akwatin za ku matse shi, domin wanke shi fes a bakin famfo kashe bakteriyar nan ne masu yi muku aiki. Kafson da ake zubawa barkatai ma haka yake yi musu.

Idan an shiga hunturu, ruwa ya sauka ƙasa da digiri 24 ko makamancin haka, cin kifi yana raguwa. A rage abinci, a jinkirta na safe zuwa hantsi, duk abin da ya rage yana yawo bayan minti 15 a kwashe shi da raga. In kuwa an auna komai ya fito daidai amma kifi na ci gaba da mutuwa, ko ana ganin gyambo da kumburin ciki, a ɗauki wanda bai riga ya mutu ba, da ruwan tankin a kwalba mai tsabta daban, a kai wa likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi na ƙaramar hukuma.