Tambayoyin da kuka ishe ni da su kan tsofaffin finafinan Amurka

Salamu alaikum. Duk shekara da zarar lokacin furojet ya matso sai tambayoyin nan su fara zubo min, kuma wallahi su ne dai na bara, su ne na bariya. To ga amsa nan sau ɗaya, wanda ya sake tambaya wannan zan miƙa masa.

Malam wane fim ne ake ce wa tsohon fim na Hollywood?

Daga wajen 1917 zuwa 1960, haka masu nazari suka fi yanke shi. Titanic na 1997 ne, dan Allah a daina kawo min shi.

Ni fa marar kalar nan barci yake sa ni.

Sha shayi. Kuma ba duka ne marasa kala ba, Gone with the Wind na 1939 da kalarsa, The Searchers na 1956 ma haka. Abin da ban yarda ba shi ne ka nemo wanda aka shafa wa kala da kwamfuta daga baya ka ce a kansa za ka yi nazarin haske, hasken da mai kyamara ya tsara ai an riga an kashe shi.

Zan iya karanta labarin fim ɗin a intanet in yi rubutuna?

A'a ƙanina. Kuma muna ganewa, tun shafin farko. Wanda bai kalli fim ba labari kawai yake zubawa, wane ya kashe wane, wance ta gudu, ba zai taɓa ce maka ga inda kyamara ta tsaya ba. Nazarin fim ba tatsuniya ba ne. Ka kalla sau ɗaya don jin daɗi, na biyu da biro a hannu, na uku ka kashe sauti ka zuba wa hoton ido kawai.

Dokar Hays ɗin nan kamar hukumar tace finafinai ta Kano ce?

Sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Ta Kano gwamnati ce ta kafa, ita kuwa wannan kamfanonin fim ɗin ne da kansu suka ɗaura wa kansu takunkumi don kar gwamnati ta shigo musu. An fara aiki da ita da gaske a 1934 a hannun Joseph Breen, sai 1968 aka ajiye ta aka koma raba finafinai da shekarun mai kallo. Misali ɗaya ya ishe ka: a littafin Rebecca mijin ne ya kashe matarsa, a fim ɗin 1940 kuwa sai aka mayar da mutuwar haɗari, don doka ba ta yarda mai kisa ya tsira ba tare da hukunci ba.

Ina so in yi furojet kan darakta ɗaya, zan iya cewa finafinan nasa ne, salonsa ne?

Yawwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsar ita ce eh, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ma ya danganta da wa ka ɗauka. Ra'in da kake son jingina da shi daga Faransa ya taso, su François Truffaut a mujallar Cahiers du Cinéma, shi ya yi wani rubutu a 1954 da ya tada ƙura, suka ce darakta na gaske shi ne marubucin fim, kyamara ce alƙalaminsa, kalmar auteur da kuke ta haddacewa ke nan. Mai sharhin fim Andrew Sarris ya kai maganar Amurka a 1962, shekara na zagayowa wata mai sharhin, Pauline Kael, ta yi masa kaca-kaca. To ka ga tun asali ba a taɓa haɗuwa a kanta ba, kar ka rubuta ta kamar wata ƙa'ida da ba a musu.

Matsalar ita ce Hollywood ta wancan lokacin masana'anta ce. Manyan kamfanoni biyar, MGM da Paramount da Warner Bros da Fox da RKO, su ke da wurin ɗauka, su ke da jaruman a kan kwantiragi, har gidajen sinima nasu ne, sai a 1948 kotun ƙoli ta yanke hukuncin da ya raba su da siniman. Darakta sau da yawa ma'aikaci ne, a miƙo masa labari ya ɗauka, wajen yanka da haɗa fim ɗin ma ba lallai a neme shi ba. Gone with the Wind sunan Victor Fleming ne a jiki, amma George Cukor ne ya fara, Sam Wood ma ya taɓa, wanda ya riƙe wuƙa da nama kuwa furodusa ne, David O. Selznick. In ka ce min wannan fim salon Fleming ne sai na ce kawo hujja. Hatta Citizen Kane na 1941 da kowa ke rantsuwa da Orson Welles a kansa, da Herman Mankiewicz suka raba kyautar Oscar ta rubutu, sannan wannan hoton da za ka ga na kusa da na nesa duk tar a ɗauka ɗaya aikin mai kyamara Gregg Toland ne, shi Welles ɗin da kansa ya sa sunan Toland a allo ɗaya da nasa.

Ni dai shawarata, kuma sufabaizanka yana iya ganin ba haka ba, in ya ƙi ka bi nasa don shi ke da maki: ɗauki daraktan da ya samu iko a kan aikinsa, irin su Alfred Hitchcock a shekarun 1950 ko John Ford ko Howard Hawks. Finafinai uku sun isa, huɗu in kana da ƙarfi. Sai ka duba su wa ya yi aiki da su, in abin da kake kira salonsa ya ci gaba da bayyana duk da an canja marubuci an canja mai kyamara, to kana da abin faɗa. In kuwa mai kyamarar ɗaya ne a duka, a nan sai ka sassauta harshe, domin Hitchcock ya daɗe da Robert Burks, kuma kiɗan Vertigo da Psycho da ke tsinka maka zuciya na Bernard Herrmann ne. Ka rubuta "ana iya ganin", kar ka rubuta "tabbas". Ba faɗuwa ba ce, kwantar da hankalinka, manyan ma haka suke rubutu.

Dole ne in kalli The Birth of a Nation?

In tarihin fim kake yi, dole. Fim ne na D. W. Griffith na 1915 da ya wulaƙanta baƙar fata ya mai da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙar fata, jarumai, ranka zai ɓaci, nawa ma ya ɓaci. Kana gamawa ka nemi Within Our Gates na Oscar Micheaux, baƙar fata ne, 1920, ka ji ta ɗaya ɓangaren.

Malam ni mace ce, an ce in yi amfani da Laura Mulvey.

To madalla ƙanwata, amma maza ma ya kamata su karanta ta. Maƙalarta ta 1975 a mujallar Screen gajera ce, cewa ta yi kyamarar Hollywood da idon namiji take kallon mace. Kalli Rear Window na 1954, mutum ne a kujera da karyayyar ƙafa yana leƙen maƙwabta ta taga, za ki gane inda ta dosa. Ki karanta ta da kanki, ba abin da wani ya taƙaita ba.

Tsakanin Citizen Kane da Vertigo wanne ya fi?

A ƙuri'ar masu sharhi ta mujallar Sight and Sound, Kane ne a sama daga 1962 har 2002, a 2012 Vertigo ya ture shi. Ka kalli ko ɗaya daga cikinsu tukuna?